Ƙafafun da Suka Haddace Bango

Hayyil Ashir, kafin asuba

Ƙarfe huɗu saura kwata Umma ta buga mana ƙofa. Ni tun jiya na gama shiri, har hular kwanona a gefen filo ta kwana. Wanda ya ɓata mana lokaci shi ne yayana Mubarak, da duk yankinmu na Madinat Nasr ke kira Ustaz saboda karatun fiƙihun da yake yi. Ya sa wando biyu, jallabiya biyu, suwaita uku, sannan ya ɗora rigar sanyin Abba a kai. Da ya zo fita daga ɗaki sai da ya karkata kafin ƙofa ta yarda da shi.

Na ce, "Yaya, jirgi fa za mu shiga, ba firiza ba."

Ya ce, "Ke rufa mini baki. An ce can idan ka tofar da yawu, kafin ya kai ƙasa ya zama tsakuwa."

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Nusaiba, shekarata goma sha tara, 'yar Zariya. Ina shekara bakwai Abba ya kwaso mu zuwa Alƙahira. Karatu ya kawo shi, da ya gama kuma ya zauna yana yi wa marasa lafiya 'yan gida tafinta a asibitoci. Aikina kuwa, duk wanda na gaya wa a Zariya sai ya ce na fara: ina koyar da zamiya a kan dusar ƙanƙara. E, a Masar. Cikin wani katafaren kanti a Sitta Uktubar akwai ɗakin da aka mayar firiji, aka gina gangara a ciki, aka zuba ƙanƙarar inji. Da rabon safa da takalma na fara a ranakun hutu, na koyi zamiyar, na sami takardar mataki na farko, har aka ba ni ajin mata na safiyar Asabar.

To, bana mudir ɗinmu, wato manaja, ya kawo sabuwar doka: duk mai riƙe aji shi kaɗai sai yana da takardar mataki na biyu. Ita kuwa ba a yin jarrabawarta a firiji, sai an hau dutse na gaske, irin na ƙasar Labanan. A wurinmu babu macen da ke da ita, kuma matan ajina ba za su yarda namiji ya riƙe musu hannu ba. In na faɗi, an rufe ajin ke nan. Wurin aiki ya biya kuɗin jarrabawar da jirgina, Abba ya biya na Ustaz don ya raka ni, sannan ya ɗora sharaɗinsa: "Sau ɗaya ne. In ba ki ci ba, kin bar aikin nan, ki fuskanci jami'a."

Na ce, "Abba, ka fara neman inda za a rataye takardar."

Umma ta cusa mana dambun nama da yaji da man zafi, ta yi addu'a har mai tasi ya gaji da danna oda. Muka ɗaure doguwar jakar allunan zamiyata a saman mota, muka nufi filin jirgi.

Alƙahira zuwa Bairut

A layin awon kaya wata Bamisira ta dubi jakar, ta dube ni, ta tambaya a hankali ko sandunan labule ne. Na ce mata e, amarya za mu kai wa a Labanan. Ta yi mini fatan alheri, Ustaz ya harare ni har muka shiga jirgi.

Mun tashi bakwai da 'yan mintuna. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya da rabi ba, kafin Ustaz ya gama azkar ɗinsa na safe an ce mu ɗaura bel. Ta taga na hango teku shuɗi, gari a bakinsa, bayan garin kuma duwatsu da farin rawani. Na ce a raina, to ku ne ake ta zuzutawa? Ga ni nan zuwa.

Jami'in shige da fice ya jujjuya fasfona. "'Yar Nijeriya?"

"Na'am."

"Daga Masar?"

"Na'am."

"Kin zo jarrabawar malaman zamiyar ƙanƙara?"

"Na'am."

Ya kira abokin aikinsa ya zo ya gan ni. Shi ma ya kira wani. Da na ƙara minti biyar a wurin, na tabbata har mai shara sai ya zo. A ƙarshe ya buga hatimi yana dariya, ya ce Allah ya ba da sa'a.

Hanyar dutse

Mai masaukinmu ne da kansa ya zo ɗaukarmu, wani tsoho mai farin gashin baki, sunansa Ammu Ilyas. Muna loda kaya na ce wa Ustaz da Hausa, "Wannan motar ta girmi Abba, anya za ta hau dutse?"

Sai tsohon ya juyo ya ce, "Ta girmi kakanki ma, 'yata, amma ba ta taɓa kwana a hanya ba."

Da Hausa! Hausar Kano tsantsa, har da jan murya. Ashe ƙuruciyarsa duk a Kantin Kwari ya yi ta yana sayar da atamfa. Na nemi ƙasa ta tsage. Ustaz kuwa ya yi dariyar da rabona da jinta tun sallar bara.

Muka bi bakin teku zuwa Juniya, daga nan hanya ta miƙe tsaye. Kwana bayan kwana, kunnuwa suna toshewa suna buɗewa, gidaje maƙale a jikin dutse kamar da ƙusa aka kafa su. A wani shingen sojoji Ammu Ilyas ya rage gudu, ya sauke gilashi. Sojan ya leƙo, ya ga Ustaz a kumbure cikin kaya, ya tambaya ko ba shi da lafiya ne.

Ammu Ilyas ya ce, "Lafiyarsa ƙalau, daga Masar yake." Sojan ya gyaɗa kai kamar an ba shi cikakken bayani, ya ce mu wuce.

Wajen azahar muka isa Faraya. Masaukin ɗakuna ne kaɗan a saman gidansa, da murhun mai a tsakiya. Matarsa ta kawo mana gurasa mai barbaɗen ganyen za'atar da miyar waken adas, Ustaz ya fito da yajin Umma. Ammu Ilyas ya shinshina, idonsa ya kawo ruwa tun bai ɗanɗana ba, ya ce a rage masa ko cokali ɗaya ne. Ruwan alwala kuwa ba a cewa komai. Na sa hannu sau ɗaya, na ji sanyin har a haƙorin da aka cire mini ina aji uku.

Ranar farko a kan dutse

Mu goma sha ɗaya ne masu neman takardar, mata biyu. Mai horar da mu kuma mai jarraba mu ita ce Madam Rima, siririya, fuskarta ta ƙone da rana ban da inda tabarau ke zama. Ta ce kwana huɗu horo, rana ta biyar jarrabawa. Kashi biyu ne: koyarwa, da kuma saukowa daga ƙolin gangara zuwa gindinta ba tsayawa, juyi bayan juyi, kowanne daidai da ɗan'uwansa.

Muka hau kujerar da igiya ke ja zuwa sama. Jama'a, ƙanƙarar Allah daban ce. Tamu ta firiji kamar garin rogo take, wannan kuwa kamar an tankaɗe garin shinkafa sau bakwai. Ga rana, ga iska, ga sama babu fitila ko ɗaya. Da aka zo kaina na gyara hijabi a ƙarƙashin hular kwano, na tura. Juyi na ɗaya, na biyu, na uku, allunan suna yanka kamar sabuwar reza. Na ji wani a baya yana cewa, "Kai, 'yar Masar ɗin nan!" Na ce a raina ba ka ga komai ba.

A juyi na tara sai na taka birki, na tsaya cak.

Babu mutum a gabana, babu dutse, babu rami. Gangara ce shimfiɗe har inda ido ya ƙare. Na waiga, na yi kamar tabarau nake gyarawa, na sake turawa. Tara na cika, na sake tsayawa. Haka na sauko dutsen nan kamar bas ɗin Ramsis, kowace tasha sai na sauke fasinja.

Madam Rima ta iso ni a ƙasa. "Wa kike jira a hanya?"

"Ba kowa, Madam."

"Gangararku ta Masar juyi nawa take ɗauka?"

Na ƙirga a raina. "Tara."

"Bayan na taran sai me?"

"Bango."

Bango ne kuwa, mai katifa a jiki, an zana masa duwatsu da itatuwa. Shekara da shekaru ina juyi tara in taka birki, sau ɗaruruwa a mako. Kaina ya san babu bango a Labanan, amma ba wanda ya aika wa ƙafafuna labari.

Ta ce, "Juyinki ya fi na yawancinsu tsabta. Amma ranar jarrabawa, in kika tsaya sau ɗaya, khalas. Ba ni da abin da zan yi miki."

Na ce, "Tamam, Madam. Gobe za ki ga aiki."

Rana ta biyu

Ta ga aiki, amma irin na jiya. Na gwada rashin ƙirgawa, ƙafafuna suka ƙirga da kansu. Na gwada waƙa a zuci, suka jira ni a tara. Na gwada zagin su da Hausa da Larabci, ko a jikinsu. Sauran 'yan ajin suka sa mini suna Mahaɗɗa, wato tasha. Wani ɗan garin Zahle kullum ya wuce ni sai ya ɗaga sanda ya ce, "Akwai mai sauka!"

Da la'asar na dawo masauki na zauna gaban murhu ban ce uffan ba, abin da Ustaz bai taɓa gani ba tun da aka haife ni. Hajiyar nan 'yar Maraɗi da ke ajina, wadda sai da na yi wata guda ina lallashinta kafin ta saki hannuna, ta turo saƙon murya tana cewa sun haɗa kuɗin walima, kada in kuskura in dawo musu hannu biyu. Na kashe wayar.

Ustaz ya ajiye littafinsa. "Ke, mene ne?"

Na gaya masa. Na ɗauka zai ce dama ya faɗa, sai na ga ya gyara zama kamar an kawo masa fatawa.

"Wannan ai ciwon masu hadda ne. Yaro ya haddace shafi tsaf, amma da ya kai ƙarshensa sai ya tsaya, don kullum a nan yake rufewa ya tashi. Ba mantuwa ba ce. Harshensa ne ya saba hutawa a wurin."

"To, ya ake yi da shi?"

"Mai sauraronsa ya jefa masa kalmar farko ta shafi na gaba tun kafin ya ja numfashi. A yi ta yi har haɗin ya zauna. Ke mece ce kalmar farko ta shafinki na gaba?"

"Goma."

"Shi ke nan. A samu mai ce miki goma."

Ammu Ilyas, da ke lasar yaji a gefe, ya ce, "Ai kuwa kujerar sama ta kan gangarar take bi. Ana sayar wa 'yan kallo tikiti."

Muka juya tare muka dubi Ustaz. Mutumin da ko barandar gidanmu a hawa na huɗu ba ya leƙawa.

Ya ce, "A'a. Wallahi a'a. Ni rakiya aka ce in yi."

Na ce, "Ma'alish, ba komai, Yaya. Zan gaya wa Hajiya ta mayar wa mutane kuɗinsu."

Rana ta uku da ta huɗu

Ƙarfe tara Ustaz yana kan kujerar sama, ya rungume ƙarfen da hannu biyu, ido a rufe, leɓe yana motsi. Tsarin shi ne in riga shi hawa in jira a ƙoli. Idan kujerarsa ta kusa, sai in tura, shi kuma ya buɗe ido ɗaya ya ƙirga.

Na tura. Shida, bakwai, takwas. Na ji dugadugaina sun fara buɗewa za su taka birki, sai wata murya ta faɗo daga sama kamar aradu: "GOMA!"

Don firgita ban san lokacin da na juya ba. Goma. Sha ɗaya. Sha biyu! Na yi ta tafiya ina ihu, iska tana shiga bakina. A na sha takwas na tsaya cak.

Da muka haɗu a ƙasa Ustaz ya sauko, ya ce, "Shafi na biyu ke nan. Yalla, koma."

Haka muka wuni, haka muka sake wuni. Ya hau, ya sauko, ya hau, yana canza wurin da zai tare ni. Tsoron ya bar shi har ya fara sakin hannu ɗaya yana nuna ni da yatsa kamar mai wa'azi. Masu kula da kujerar suka daina duba tikitinsa. Yara 'yan Labanan suka ɗauka wata gaisuwa ce ta mutanen Afirka, duk inda ya gifta sai ka ji "Goma! Goma!" shi kuma yana ɗaga musu hannu. Wani Bature ya tambaye ni ko shahararren koci ne. Na ce ƙwarai, daga Zariya aka yo hayarsa.

Yammacin rana ta huɗu na sauko tun daga ƙoli har ƙasa ban tsaya ba, sau biyu. Amma duka biyun da muryarsa a kaina. Muryar kuwa a ranar ta ƙare. Da magariba ya buɗe baki zai yi iƙama, sai iska kawai ta fito.

Ranar jarrabawa

Na buɗe taga da safe ban ga komai ba. Hazo ya sauko ya zauna a kan dutsen, fari fat, ko motar Ammu Ilyas da ke ƙofar gida ba a gani. A firijinmu ba a hazo. Madam Rima ta ce za a yi a haka, tunda ana iya hango tuta daga tuta. Ta kuma dube ni ta ce, "Ɗan'uwanki mai ihu ya zauna ya sha shayi. Yau ba mai taimakon kowa." Ban gaya mata cewa ko ta bar shi, kaza ma ta fi shi murya ba.

Koyarwa aka fara. Madam Rima ta zama ɗalibar da ba ta taɓa ganin ƙanƙara ba, ta ƙanƙame, ta ce ita gida za ta. Haba, nan ai gonata ce. Na kama hannayenta biyu, na juya ina zamewa da baya, na tambaye ta me ta dafa jiya, na ce ai ba haka ake wannan miyar ba. Tana cikin kare girkinta ta yi juyi uku ba ta sani ba. Ta saki hannuna ta yi rubutu, tana ƙoƙarin ɓoye murmushi.

Sai babbar. Na tsaya a ƙoli. Madam Rima ta ɗaga sanda, na yi bisimilla na tura. Ɗaya, biyu, uku, lafiya lau. A na bakwai na ɗaga ido, sai na ga hazon nan tsaye a gabana, fari, shafaffe, daga ƙasa har sama. Bango sak. Ƙafafuna suka ce alhamdu lillahi, mun iso gida. Takwas. Dugadugai suka buɗe, allunan suka fara kankarar ƙasa, gudu ya ragu har ina jin numfashina. Na saurari sama, babu kowa sai ƙarar igiya.

Sai na cika ƙirjina da iska na kurma wa kaina: "GOMA!"

An ce har a wurin ajiye motoci an ji. An ce wani kare a Juniya ya amsa. Ni dai abin da na sani, na jefa jikina cikin farin nan, bai kuwa buge ni ba. Goma, sha ɗaya, tuta ta fito, ta wuce, wata ta fito. A sha takwas na sake kurmawa, don kada a yi mini ba-zata. Daga nan na daina ƙirga. Cinyoyina suka kama wuta, hancina yana zuba, ban tsaya ba sai da na ga rigar Abba a gindin gangara, da Ustaz a cikinta yana tsalle ba sauti.

Bayan la'asar aka tara mu a ɗakin shan shayi. Madam Rima tana kiran mutum ta gaya masa sakamakonsa a gaban kowa. Huɗu ba su ci ba, har da ɗan Zahle mai ce mini tasha, kuma wallahi na ji tausayinsa, na kusan minti ɗaya. Da ta zo kaina ta ce, "Nusaiba. Juyinki na tara shi ne mafi muni da na gani a wannan makon." Har na fara tsara abin da zan gaya wa Hajiya, sai ta ƙara da cewa, "Amma juyi ne, ba tsayawa ba. Mabruk, ya malama."

Komawa gida

Washegari bayan sallar asuba Ammu Ilyas ya sauko da mu. Mun bar masa yajin gaba ɗaya, ya ce a gaida masa Kano in an je, ko da daga nesa ne. Jirginmu ya sauka Alƙahira da azahar, zafi da hayaniyar oda suka tare mu tun daga ƙofa. Ustaz ya tuɓe suwaita uku a cikin tasi.

A gida Abba ya karɓi takardar ya karanta ta da Larabci, ya juya ya karanta ta da Turanci, kamar yana neman inda suka saɓa. Sannan ya dubi Ustaz. "Kai Mubarak, gaya mini gaskiyar yadda aka yi. Wannan in ta fara sai ta ce a kan gajimare ta sauko."

Ustaz ya buɗe baki, ya nuna maƙogwaronsa, ya rufe. Don haka ni na ba da labarin, tun daga farko, yadda nake so, babu mai gyara mini. Abba ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Rabin wannan ma ya isa. Je ki kira matan nan ki ce musu Asabar akwai aji."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Umma da Abba, da Ammu Ilyas da matarsa, da Madam Rima. Yaya Mubarak kuwa, Hajiya ta ce cinyar kaza biyu ce tasa a walima. Likita ya ce muryarsa za ta dawo nan da mako guda, shi ya sa na yi sauri na rubuta muku wannan kafin ta iso.